Ku Tambayi Malam: Waƙar Ƙirge ta Yara da Zancen Kari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar aji biyu ce a firamare. Na rubuta waƙa a kan yadda yara ke ƙirga juna kafin su fara wasa, na fara da:

Ɗaya, biyu, kaza ta gudu,
Uku, huɗu, zakara ya bi ta da gudu.

Wani abokin aikina ya ce ba ta da kari, kuma maimaita "gudu" ragwanci ne. Haka ne? Daga wata malama a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Abokin aikinki ya kama gaskiya ta wutsiya, amma kan ya kuɓuce masa.

Ina jin karin da yake nufi shi ne na aruli, wato ilimin auna waƙoƙin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, bahari (wato nau'in kari) 15, daga baya aka ƙara wani mai suna Mutadarik suka zama 16. Malamanmu sun daɗe suna ɗora rubutattun waƙoƙi a kansu. To amma waƙar dandali tafi take bi, da yatsan da ke sauka a ƙirjin yaro ɗaya bayan ɗaya.

Ki tafa hannu ki rera ɗangonki na biyu. Za ki ji numfashinki ya sarƙe a kan "ya bi ta da", don kin cusa gaɓoɓi uku, "bi ta da", da ba su da wurin zama. Ki cire su, ki ce "zakara ya gudu". Duba abin da ya faru: "ka" ta kaza gaɓa ce mai nauyi, don ana jan wasalinta, "za-ka" na zakara kuwa marasa nauyi ne guda biyu, kuma biyun nan sun yi daidai da waccan ɗaya. Kaza da zakara sun zo kunnen doki ke nan.

Lambobinmu ma sun yi miki gata. Daga ɗaya har goma kowace gaɓa biyu ce. Biyu, uku da huɗu duk da "u" suka ƙare, ga amsa-amo a ɓagas. Ɗaya, shida, tara da goma kuma "a" ce. Masu taurin kai su ne biyar, bakwai da takwas, su sai ki tura su tsakiyar ɗango. In ɗalibanki "ukku" da "shidda" suke cewa, rubuta yadda bakinsu ya saba, amma ki sani gaɓar farko ta yi nauyi.

Zancen maimaitawa kuwa, ban yarda da shi ba sam. Yaro ɗan shekara bakwai yana jiran "gudu" ta dawo ne don ya ɗaga murya tare da 'yan uwansa. A waƙar manya mai ƙwar biyar, wato ɗango biyar a kowane baiti, zan iya yi wa marubuci tsiya in ya rufe baitoci da kalma ɗaya. A nan a'a.

Na tuna yayata, Allah ya jiƙanta. In tana ƙirga mu a ƙofar gida da farin wata, ta ga yatsa zai ƙare a kanta, sai ta ja gaɓar ƙarshe ta raba ta biyu, ya faɗo kaina. Sai da na girma na gane karin take karyawa da gangan.

Ki kai waƙar aji ranar Litinin, ki sa su tafa. Duk inda tafin ya watse, ki sa alama da jan biro, ki sake aiko mini.