Tambaya da Amsa: Santambul ɗin da kakanninmu ke faɗa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Bayan Sallah zan bi ƙawayena zuwa Istanbul saro abaya da takalma, sun ce kwana biyar ɗinmu duk a shaguna za su ƙare. Wai da gaske garin rabi Turai ne rabi Asiya? Kuma akwai abin da ya kai in ajiye sari in je gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da gaske ne. Mashigin teku ne mai suna Bosforus, tsawonsa wajen kilomita 30, ya ratsa garin. Laleli, unguwar masu sari inda nake zaton za ku sauka, tana ɓangaren Turai.

Garin ba baƙonmu ba ne. Kakata a Ƙofar Marusa, in za ta kwatanta nisa, cewa take "kamar Santambul", ita da ba ta taɓa wuce Kano ba. Fataken Katsina sun yi ta ratsa hamada zuwa Gat da Gadamus da Tarabulus, ita kuwa Tarabulus ta shiga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai hedikwata a Istanbul, tun 1551. Ina ganin bayan raƙuma sunan ya biyo har ya iso mana.

Ki roƙi ƙawayenki kwana ɗaya. Jirgin ƙasan cikin gari da ke bi ta Laleli zai sauke ki kusa da Ayasofiya. An gina ta coci a 537, ta koma masallaci da Sultan Muhammadu Fatih ya ci garin a 1453 yana ɗan shekara 21, aka mayar da ita gidan tarihi zamanin Ataturk, shugaban ƙasar Turkiyya na farko, aka dawo da salla a cikinta a 2020. Daga nan ki gangara unguwar Eminonu da ke bakin teku ki hau jirgin ruwa zuwa Uskudar da ke tsallake. Ba a kai rabin awa ba kin taka Asiya. Akwai gada tun 1973, akwai jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tun 2013, amma ni dai ruwa nake so ki bi. A nan za ki zauna cikin ma'aikata da 'yan makaranta, mai shayi na zagayawa da 'yan ƙananan kofunan gilashi, ba madara, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren simit, wani burodi mai kama da awarwaro da aka mulke da riɗi. Ranar da na haye, kiran La'asar ya taso ta gaɓa biyu, na rasa wanda zan fara amsawa.

Wurin da ba na so ki tsallake shi ne Eyup, inda kabarin da ake dangantawa da Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Da tsufansa ya fito yaƙin wannan birni, a can ya cika. Na daɗe zaune a harabar na kasa tashi.

Babbar kasuwar garin mai rufi da ake kira Grand Bazaar, mai shaguna wajen 4,000, ki shiga don kallo. Farashinta na 'yan yawon buɗe ido ne. Ranar Lahadi a rufe take, sai ki ware wannan ranar domin hawan jirgin ruwa da ziyara.