Manaɗin fatsa na Mitchell da aka gada: a yi masa fenti ko a bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Yamai nake rubuto maka. Bayan rasuwar mahaifinmu muna haɗa kayansa, sai na tarar da wani baƙin abu na ƙarfe mai siffar ƙwai a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin tsumma. Irin abin nan ne da ake ɗaurawa a sandar fatsa, ana murza hannu yana naɗe zare. Baba ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wani Bafaranshe mai son kamun kifi a kogin Isa (wato kogin Neja), shi ne ya bar masa da zai koma gida. A gefe an zana "Mitchell 300", akwai kuma "Made in France". Hannun da ƙyar yake juyawa, wayar da ke gaba ba ta komawa da kanta, fentin ya goge a gefe-gefe. Wani mai gyaran babur ya ce in kawo ya wanke da fetur, ya goge da samfefa, ya fesa sabon fenti. Na wane zamani ne? Yana da daraja? In ba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka ba shi. Ba don mai gyaran yana da mugun nufi ba, a'a, abin da ya saba yi wa tankin babur ne yake son yi, kuma a can daidai ne. A nan kuwa, samfefa in ta hau jikin wannan manaɗi sau ɗaya, abin da ta ɗauke ba ya dawowa. Rubutun da ka karanta min zane ne marar zurfi a jikin alminiyan, gugar minti biyu ta isa ta shafe shi, kuma da shi ne ake gane asalin abin da zamaninsa. Gyaran tsohon manaɗi wanki ne da sa mai. Ciki ake sabuntawa, fatar waje a bar ta da shekarunta.

Abin da ke hannunka ɗan garin Cluses ne, wani ƙaramin gari a kwarin kogin Arve a yankin Haute-Savoie na Faransa, tsakanin Geneva da Chamonix. Gari ne na maƙeran kayan agogo tun da daɗewa, kuma kamfanin da ya ƙera shi, Carpano & Pons, daga wannan sana'a ya taso. Wani injiniyansu, Maurice Jacquemin, shi ya tsara shi, ya shiga kasuwa wajen 1948. In ka buɗe cikinsa za ka ga wannan gadon da idonka: ƙananan giya birjik, wannan na cizon wannan, kamar cikin agogon bango. Dalilin yawansu shi ne a sa kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai ya riƙa shiga da fita a hankali, zare ya kwanta lafiyayye ba tudu ba kwari. A zamaninsa wannan ne ya sa ya yi wa tsararsa fintinkau.

Maganar shekara, ga yadda ake bi. Duba wayar gaba, wadda nake kira baka. Na farko-farko ba su da cikakken baka, rabi ne kawai, kamar yatsa a lanƙwashe, saboda kamfanin Hardy na Ingila ne ke riƙe da haƙƙin ƙirar cikakken baka tun 1932, sai da wa'adinsa ya ƙare wajen 1954 sauran kamfanoni suka samu sarari. Sannan na farkon sunan "Mitchell" kaɗai suke ɗauke da shi, lambar 300 ta zo ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da 'yan'uwansa suka yawaita har aka buƙaci bambanta su: 301 na bahago, 308 ƙarami, 302 babba na ruwan teku. Tun da naka yana da lamba, ba ya cikin na farkon. Rashin sunan "Garcia" ma ya yi daidai da labarin da ka bayar, domin Garcia kamfanin Amurka ne da ya riƙa shigar da shi can, kuma wanda Bafaranshe ya saya a ƙasarsu ba lallai ya ɗauki sunan ba. Sai ka duba ɗan makunnin nan da ke hana hannu komawa baya. In lanƙwasasshe ne mai fukafukai biyu, ya fi tsufa. In miƙaƙƙe ne, daga wajen ƙarshen shekarun 1960 ne zuwa gaba. A ƙarshe juya shi ka duba ƙarƙashin ƙafar da ke zama a kan sanda, yawanci akwai lamba a buge. Rubuta ta a takarda kafin ka taɓa komai, masu tara irin waɗannan kaya suna da jadawalin da suke gwada lambar da shekara.

Daraja kuwa, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. An ƙera Mitchell 300 miliyoyi, shekaru arba'in ana fitar da shi daga Faransa kafin aikin ya koma Asiya wajen 1990. Irin naka yana nan jibge a kasuwannin gwanjon Turai, kuɗinsa bai kai ya kawo ba. Masu tsada su ne na rabin baka, ko wanda ke cikin kwalinsa na asali da takardarsa da kwarkwaronsa na biyu. Amma ko ɗan kuɗin da naka zai yi, sabon fenti rage shi zai yi. Masu saye sun fi son gogaggen fenti na asali a kan sheƙin da aka fesa jiya. Haka abin yake har a manyan manaɗai masu tsada, irin Hardy Perfect na garin Alnwick a Ingila da ya fito a 1891: mutum ya goge duhun jikinsa don ya yi ƙyalli, ya wayi gari ya zubar da mafi yawan kuɗinsa. Ni a wurina, wuraren da fentin ya goge su ne ma abin kallo. Duba inda babban yatsa ke sauka, da gefen da ke gogar ƙasa in an ajiye sanda a bakin ruwa. Hannun mutum ne ya yi wannan, shekara da shekaru.

Yanzu ga aikin, kuma da kanka za ka iya.

Shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti mai gefe, a ɗaki, ba a tsakar gida ba. Tanadi kananzir kaɗan, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, auduga, man keken ɗinki, da giris mai laushi. Sukudireban da za ka yi amfani da shi bakinsa ya cika ramin sukurun daf. Ƙarfen sukurun nan yana da taushi, in bakin ya yi ƙanƙanta zai zame ya ci ramin, ya kuma karce fenti. Wanda ya ƙi kwancewa, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana. Kada ka yi masa ƙarfi.

Danna maɓallin da ke tsakiyar kwarkwaro, zai fito a hannunka. Hannun kuma, kunna makunnin hana komawa baya, ka murza shi ta baya, zai warware. Kwance sukurori ukun da ke riƙe da murfin gefe, ka ɗaga murfin a hankali yana kwance, kada ka girgiza. Kafin ka cire ko da abu ɗaya, ɗauki hoto da wayarka. Duk abin da ka cire, sake ɗaukar hoto, ka jera su daga hagu zuwa dama yadda suka fito.

A nan ne nake so ka buɗe ido sosai. Ƙarƙashin wasu giyoyin, da kuma bayan ƙoƙon da ke juyawa, akwai wasu siraran zobba na tagulla, wani bai fi kaurin takarda ba. A masana'anta ake sa su, kowane manaɗi da adadin da ya dace da shi, don haƙoran giya su ciji juna daidai. Suna manne wa tsohon giris har ka ɗauka datti ne. Na taɓa buɗe wani a farkon fara wannan aiki, na wanke komai tas, na zubar da kananzir ɗin a bayan ɗaki. Da na haɗa, sai ya riƙa gurnani, ƙoƙon yana gogar jiki. Kwana biyu ina neman dalili kafin na je na tsugunna inda na zubar da wankin, na ga zoben nan guda yana ƙyalli a cikin yashi. Na mayar da shi gurbinsa, ƙarar ta ɗauke. Tun daga ranar ba na zubar da ruwan wanki sai na tace shi da ƙyalle.

Taurin hannun da ka ambata, kusan kullum giris ne ya bushe. Za ka same shi ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, ya daskare kamar ƙaro a tsakanin haƙora. Jiƙa giyoyin kaɗai a kananzir na ɗan lokaci, ka bi su da buroshi, ka sakace tsakanin haƙoran da tsinke. Jikin mai fenti da kayan roba ba sa shiga kananzir, ballantana fetur ko tina. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu a ƙyalle ya ishe su, sai a shanya su bushe sarai. Ka nisanta shi da soda da duk wani sinadarin wanke tukunya mai kaifi, suna cin alminiyan. In ka ga farin gari-gari a inda fenti ya tashi, goge shi da auduga mai ɗan mai, ka tsaya nan.

Wajen haɗawa, mutane sun fi yin kuskure ta yawan mai. Giris ɗan shafe ne a kan haƙora da kan abin da ke zamewa gaba da baya, kada a cusa shi har ya cika ciki. Sandar tsakiya, da mariƙin hannu, da gaɓoɓin baka, ɗigo ɗai-ɗai na man keken ɗinki. Man feshin nan na gwangwani da ake kwance noti da shi yana da amfani wajen kwancewa, amma ba ya zama a matsayin man aiki.

Baka da ba ya komawa, ɗaya ne cikin biyu: ko datti ya riƙe shi, ko ɗan sifirin da ke ƙarƙashin sukurun gefensa ya karye. Wanke shi tukuna ka gwada. In sifirin ne, kada ka damu, shi ne abin da ya fi mutuwa a wannan manaɗi, kuma saboda yawan da aka ƙera har yau ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaransa. Ka lura na 300 da na 301 ba sa shiga wa juna, naɗinsu ya saɓa. Lokacin cirewa ka rufa tafin hannunka a kai, yana tsalle. In ka ga hannunka ba zai iya ba, mai gyaran agogo ko mai gyaran keken ɗinki za ka nufa, su ne suka saba da ƙananan abubuwa irin wannan.

In ya tashi, ka kai shi ruwa, don haka aka yi shi. Amma fara shafa farce a ɗan ƙarfen da zare ke bi a gefen baka. In zare ya yi masa rami, zai riƙa cin sabon zaren da ka sa, sai an sauya shi. Sa masa zaren roba na yau da kullum, matsakaici. Saƙaƙƙen zaren zamani bai dace da shi ba. Kuma ƙoƙon Mitchell 300 yana juyawa ne saɓanin yawancin manaɗan yanzu, don haka in kana ɗora zare ka kula da ɓangaren da yake fitowa daga kwarkwaron shago, in ba haka ba zai murɗe. Karfasa da matsakaiciyar tarwaɗa duk zai ja su lafiya. Babbar giwan ruwa ta fi ƙarfinsa, kada ka gwada shi da ita.

In an dawo daga kogi, goge shi, ka sassauta birkin da ke gaban kwarkwaro don kada sifirinsa ya gaji, ka ajiye shi inda ƙurar hunturu ba ta kai. Tsumman da Baba ya naɗe shi a ciki ma kada ka yar. Wanke shi ka mayar da manaɗin ciki, tare da 'yar takarda mai ɗauke da lambar ƙafar, da shekarun da Baba ya yi aiki a gidan, da ranar da ka buɗe shi ka sa masa mai.