Tambaya da Amsa: Ina Zan Samo Takardun Asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a sashen tarihi nan Sakkwato. Na yi rubutu kan yaƙin Satiru, garin nan na kusa da Sakkwato da ya kara da Turawan mulki, sai malaminmu ya maido mini, ya ce maganar marubuta kawai na kwaso, babu tushe na farko ko ɗaya. Ya ce in tafi ma'adanar takardu. Ban taɓa shiga ba, ban ma san abin da zan ce ina nema ba. A taimaka mini. Ɗiyarka, daga Mabera.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Malaminki gata ya yi miki. Tushe na farko shi ne abin da ya fito daga zamanin da abu ya faru: wasiƙar sarki, rahoton Razdan, littafin kotun alƙali, waƙar da aka yi a lokacin, ko bakin wanda aka yi abin a gabansa. Littafin da wani masani ya rubuta bayan shekara sittin yana da amfani, amma shi ma wajen waɗannan takardu ya je ya ɗebo.

Daga littattafan nan da kika riga kika karanta za ki fara. Duba ƙasan kowane shafi, inda marubucin ya faɗi inda ya samo maganarsa. Za ki riƙa ganin SOKPROF ko SNP da lambobi a gaba. Na farko fayilolin ofishin lardin Sakkwato ne, na biyu na sakatariyar lardunan Arewa, kuma suna Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna. Kwafe lambobin nan duka. Mai kula da takardu ba zai iya yi miki komai ba idan kika ce "ina neman tarihin Sakkwato". In kuwa kika ce Satiru, Fabrairu zuwa Maris na 1906, ga lambar fayil, nan da nan zai tashi.

Kafin ki yi tunanin kuɗin motar Kaduna, ki gama da abin da ke gida. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Laburaren Abdullahi Fodiyo, ki nemi kundayen digiri na biyu da na uku da aka yi kan zamanin Turawa, don sau da yawa masu su kan lissafa fayiloli da sunayen dattawan da suka yi hira da su a ƙarshen kundi. Cikin gari kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, mai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da takardun mulki. Ki karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, ki tafi da fensir da littafin rubutu, kuma ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton komai da waya.

Yanzu ga inda nake son ki buɗe kunne. Samun takarda ba shi ne samun gaskiya ba. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru sun kashe Turawa uku, har da Hillary mai riƙon muƙamin Razdan. A watan Maris sojoji suka koma suka rushe garin, aka kashe jama'a masu yawan gaske. To wa ya rubuta rahoton? Waɗanda suka rushe garin ne, kuma manyansu suke rubuta wa, suna son a gamsu cewa abin da suka yi daidai ne. Shekara uku ke nan kacal da yaƙin Giginya na 1903, inda Turawa suka ci Sakkwato, tsoro bai bar zukatansu ba. Saboda haka in kin ga sun kira mutum ɗan tawaye ko mahaukacin addini, ki rubuta cewa su ne suka kira shi haka. Kuma ki tuna Baturen ta bakin tafinta yake jin yawancin abin da aka gaya masa. Kowace takarda kika ɗauka, ki tambaye ta wa ya rubuta ta, wa ya rubuta wa, kwana nawa bayan faruwar abin, kuma me yake tsoron ya faɗa.

Idan aka ɗauko miki rubutun hannu, za ki tarar warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, ba a ɗinke ba. Kada ki hargitsa su. A ƙasan shafi akwai kalma ɗaya a gefe, ita ce kalmar farko ta warƙa mai biyowa, da ita ake gane jeri. Rubutun irin namu ne na allo: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Ki duba ƙarshen littafin, nan mai kwafe yakan sa sunansa, wani lokaci da shekara. Ki rarrabe shekarar da aka wallafa da shekarar da aka kwafe, don tsakaninsu kan kai shekara ɗari. Mawaƙa kuma sukan ɓoye shekara cikin ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi, a lissafin Magrib inda harafin shin yake dubu, kuma shekarar ta Hijira ce. In abin ya fi ƙarfinki, ki kai wa malamin zaure, su ne gwanayen wannan karatu.

Ina matashi na taɓa kwana huɗu a wata ma'adana ina kwafe wasiƙu, daɗin abin ya ɗauke ni, ban rubuta lambar fayil ba. Da na zo haɗa aiki babu wadda na iya kafa hujja da ita, sai da na sake komawa. Har yau abin na yi mini ciwo. Don haka kafin ki kwafi ko harafi ɗaya, ki rubuta sunan ma'adanar, lambar fayil, kwanan watan takardar da lambar shafi a saman takardarki.

Mutanen Satiru ba su bar rahoto a ofis ba. Abin da ya rage nasu yana bakin jikokin waɗanda suka watse cikin ƙauyukan da ke kewaye. Ki nemi wani babba a gidanku ya raka ki, ku fara gaida mai gari, sannan ki zauna da tsofaffi, maza da mata. Kowa ya ba ki labari, ki rubuta sunansa da shekarunsa da ranar hirar, ki kuma tambaye shi daga bakin wa ya ji.