Amsa ga 'yar uwa mai tambaya kan ƙibar yaronta

Wa alaikumussalam 'yar uwa, wlh ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta. Kin ce yaronki ɗan shekara 9 ƙiba ta masa yawa, da ya ci abinci sai kwanciya, har an ce miki wai jikinsa ne ba ya ƙona abinci, ko ki siyo masa shayin rage ƙiba. Don Allah kar ki ba shi, zawo kawai zai sa shi.

Haka aka yi ta faɗa a kan tawa 'yar. Ƙanwar babanta ta fi kowa, ranar wani suna a Ƙofar Marusa tsakar gida cike da mata ta fizge farantin shinkafa a hannun yarinyar nan wai wannan ko ruwa ta sha kitse yake zama, buhun gero kawai, mata suka kwashe da dariya yarinya ta shige bayan ƙyaure tana kuka, ni kuma aka ce in yi haƙuri dangin miji ne. Haƙurin mi? Ita mai bakin fa duk zuwanta da lemon kwalba da cincin take zuwa ma yaran. Daga ranar yarinya ta daina ci gaban mutane sai a ɓoye, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da muka je asibiti likitar yara ta ce eh bayan cin abinci jiki yana ƙona wani abu wajen narkar da shi, amma kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na abin da aka ci. Kuma ya danganta, sinadarin gina jiki na cikin ƙwai da kifi da nama jiki na ƙona kashi 20 zuwa 30, tuwo da shinkafa 5 zuwa 10, mai kuwa bai wuce 3 ba, kusan duka ajiyewa ake. Ta ce yaro mai jiki ma ko a kwance yake ya fi siriri ƙonawa don jikin ya fi girma. To kin ga zancen ba ya ƙonawa ɗin nan ba nan gizo ke saƙar ba, abin da ke shiga ne. Kwalbar lemo ta 50cl kaɗai sukarin ciki ya wuce ƙaramin cokali 10.

Kar ki hana shi abincin dare, sata zai koya. Mu gidan gaba ɗaya muka canza har babansu, da safe ƙwai ko wake maimakon fanke, kwaɗon zogale kafin tuwo, fura da nono ba sukari, aka sha mita amma an saba. Ki bar shi ya tafi Islamiyya a ƙasa, ya buga ƙwallo, awa ɗaya a rana ake so, ki karɓe wayar nan da daddare don rashin barci ma na ƙara ci.

Af, ki duba bayan wuyansa, in akwai baƙin da soso ba ya fitarwa a gwada masa suga, a duba tayirod ma, wata halitta ce a wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Kuma ki bincika ko akwai mai ba shi irin sha-ka-fashe ɗin nan na kemis, don kakanni na yi ba su faɗa. Allah ya ba shi lafiya.