Tambaya da Amsa: Dole ne sai na koyi Dakarci kafin in yi bincike a Zuru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, ina so in yi bincike kan yadda aure ke sauyawa a ƙasar Zuru. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na koyi harshen mutanen tukuna, abin da zai iya cin mini shekara guda. Kuɗi ba su da yawa, a gida kuma har an fara tambayar yaushe zan gama. Abokan karatuna sun ce ɓata lokaci ne, tunda kowa a Zuru yana jin Hausa, in ta kama in ɗauki tafinta. Wallahi abin ya hana ni barci. Daga wata ɗaliba a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, malaminki ba mugunta yake miki ba. Haka tsarin yake a inda aka ɗauki wannan fanni da gaske. A makarantar SOAS ta Landan, mai nazarin ƙasashen Afirka da Asiya, digiri na biyu da aka saba yi a shekara ɗaya yakan koma shekara biyu idan an haɗa shi da koyon harshe gadan-gadan. Batun kuɗi gaskiya ne, zan dawo kansa. Amma bari in fara da maganar abokan karatunki, domin ita ce cutar da nake gani kullum har na gaji.

"Kowa yana jin Hausa." Gaskiya ne, a kasuwar Zuru za ki sayi doya da Hausa, ki hau kabu-kabu da Hausa, har ki gaisa da mai gari. To amma Hausar da mutum yake yi wa baƙo ta zaure ce. Ke kuwa abin da kike nema yana cikin gida, inda kaka take yi wa jikarta faɗa, inda ake rigimar gona, inda ake waƙa a bikin Uhola, babban bikin al'adar mutanen Zuru. Can ba da Hausa ake yi ba.

Ki duba sunan ma. Mu ne muke cewa Dakarkari da Dakarci. Su da kansu mutum ɗaya K'lela ne, jama'a Lelna, harshe C'lela, ƙasa A'lela. Kin ga tushen kalmar ɗaya ne, galibi harafin gaba ne ke sauyawa, domin harshen yana cikin dangin harsunan Kainji masu rarraba sunaye aji-aji, ba shi da dangantaka ta jini da Hausa. Haka abin yake a Yawuri: waɗanda muke kira Gungawa, su Reshe suke ce wa kansu. Wanda bai san sunan da mutane ke kiran kansu da shi ba, da wane ƙarfin hali zai rubuta babi biyar a kan aurensu?

Ga kuma golmo, wanda ba makawa zai zama ƙashin bayan aikinki. Saurayi yana noma wa gidan surukansa tare da tsararrakinsa shekara da shekaru, a al'ada har bakwai ake faɗa. Ki tambayi tafinta, zai ce miki "sadaki ne" ko "gayya ce", ki rubuta ki wuce. Alhali babu ɗaya da ta dace. Sadaki yana da ma'anarsa a shari'a, gayya aikin yini ce. Da kalma guda tafinta ya shafe tarbiyyar samari, da zumuncin tsara, da gwajin juriya da ke cikin abin. Mafi muni, duk abin da ya shafi addinin gargajiya yakan fito a Hausa da sunan "tsafi", kalmar da ta riga ta yanke hukunci tun kafin a fara bincike. Dattijon da ya ji kin faɗe ta ya rufe bakinsa ke nan, sai dai ya yi ta ba ki "haka ne, haka ne".

Na taɓa zama a kan kare kundin wani ɗalibi, muka ce ya kunna mana hirar da ya naɗa. Tsoho ya yi magana mai tsawo, muryarsa na hawa tana sauka, har mata da ke gefe suka fashe da dariya. Da ya gama sai tafinta ya ce, "Ya ce al'adarsu ce tun kaka da kakanni." Shi ke nan. Na tambayi ɗalibin me ya ba matan dariya, ya sunkuyar da kai. A kan wannan jimla ya gina babi sukutum. Kuma kada ki ɗauka takardun Turawa da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna za su cece ki. Yawancin rahotannin Di'o-Di'o, wato jami'an Turawan mulkin mallaka, ta bakin tafintoci masu Hausa aka tattara su, kuskuren ya tsufa ne kawai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sassan jami'a da ke ƙarfafa wannan lalaci. A matsa wa ɗalibi ya raba takardar tambayoyi da Turanci ga manomin da bai taɓa shiga aji ba, a zana jadawali, a sa hannu. Sai kuma masu shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta, masu cewa kawo take da kuɗi, ka dawo bayan sati biyu. Su ma da masu tallar "koyi harshe cikin kwana talatin" duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Batun kuɗi kuwa, ke kin fi Baturen da zai taso daga Jamus sa'a, tafiyar mota ce tsakaninki da Zuru. Ki fara tun kina ɗaukar darussa: a Birnin Kebbi ma akwai 'yan Zuru da yawa, ki samu mace guda ku riƙa zama awa ɗaya kullum, ki biya ta hakkinta. Hutu ya zo ki sauka a gidan mutane, ba masauki ba, bayan kin bincika lafiyar hanya da ƙauyen da za ki. Ki naɗi magana da izinin masu ita, ki rubuta ta da harshenta kafin ki fassara. Tafinta za ki ci gaba da buƙatarsa, amma ki kai matsayin da in ya yi tsallake za ki ce masa, "Tsaya, ba haka Baba ya ce ba."

Ki ji tsoron Allah a kan maganar mutane, 'yata. Tsohuwar da ta ba ki labarin aurenta amana ta ba ki, kuma wata rana jikanta zai shiga ɗakin karatu ya buɗe kundinki ya ga abin da kika ce ta ce.