Katin jika 180, alimantasiyon na jika 15

Tambaya daga wani mai shagon bidiyo a Yamai:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a unguwar Wadata, muna ɗaukar bidiyon biki da suna, muna montaj, muna zana fosta da katin gayyata. Kowane biki yakan kawo mana jika 40 zuwa 50. Na daɗe ina tari har na sayi katin grafik, wato katin da ke ɗaukar nauyin aikin hoto da bidiyo, RTX 3060 okaziyo a jika 180, aka sa shi a kwamfutata mai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, i5-12400. Alimantasiyon ɗin da ke ciki, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, ba shi da wayar da katin ke so, sai mai gyara ya haɗa da wata ƴar wayar ƙari daga ta diski. Tun daga ranar, da na fara fitar da bidiyo sai kwamfuta ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta. A kasuwa an nuna mini alimantasiyon biyu: mai wat 600 a jika 15, da mai wat 650 na sanannen kamfani a jika 60. Wat 50 ne kawai tsakaninsu. Me zai sa in biya ninki huɗu, ga kuɗin haya na tafe?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kafin mu shiga maganar kuɗi, yau ɗin nan ka cire ƴar wayar ƙarin nan. Kan wayar diski, wadda ake kira SATA, ƙarfin da aka yi ta don ɗauka bai wuce wat 54 ba. Katinka yana cin wat 170 in ya ɗauki aiki. Ramin da aka soka shi a jikin katmer, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, yana ba shi wat 75 in ya yi yawa, sauran kusan wat 100 kuma ta wannan siririyar waya yake janyowa. Ka taɓa ta bayan minti goma da fara montaj, za ka ji ɗumi. Irin wayoyin nan ne ke narkewa, robar ta manne da bakin kati. Mutuwar da kwamfutarka ke yi ma abin godiya ce: wani abu a ciki yana yanke wuta kafin a kai ga hayaƙi. Ba kullum ake samun wannan sa'ar ba.

Yanzu wat 50 ɗin da kake gani tsakaninsu. Ba wat 50 ba ne. Babbar lambar da ke jikin kwali ta talla ce. Gaskiyar magana tana jikin ƴar takardar da aka manna a gefen alimantasiyon, inda aka yi jadawali da ƙananan lambobi. Ka nemi inda aka rubuta +12V, ka dubi lambar da ke ƙarƙashinsa mai harafin A, ka ninka ta sau 12. Abin da ya fito shi ne abin da katinka da firosesa za su ci, don su biyun daga layin bolt 12 suke sha. Alimantasiyon na ƙwarai mai wat 650 za ka ga 54A ko kusa da haka, wato wat 648, kusan duk abin da ya yi alkawari. Na arahar nan kuwa, sau da yawa za ka tarar da 18A ko 20A, wato wat 216 zuwa 240. Sauran lambar an cike ta da layin bolt 5 da na bolt 3.3, waɗanda kwamfutar yanzu ba ta damu da su sosai ba, ko kuma an rubuta ƙarfin da zai iya bayarwa na ƙiftawar ido kafin ya faɗi. Kamar mai amalanke ne ya ce jakinsa na ɗaukar buhu ashirin. Yana ɗauka, amma taku nawa?

Mu yi lissafin gidanka. Kati wat 170. Firosesa i5-12400 an rubuta masa wat 65, amma in aiki ya yi zafi, kamar lokacin fitar da bidiyo, yana hawa har 117. Katmer, memwa, diski da fankoki ka ba su wat 50 zuwa 60. Ka tashi da kusan wat 350. Kamfanin NVIDIA da ya ƙirƙiro katin da kansa ya ce wa mai RTX 3060 ya nemi wat 550, kuma ba don kwamfutar za ta cinye su duka ba ne. Katin grafik ba ya shan wuta a hankali kamar ƙwan fitila, fizga yake yi, wani lokaci ya zarce abin da aka rubuta masa na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. Rarar nan ita ke shanye fizgar. Saboda haka 550 na gaskiya ya ishe ka, 650 kuma ya ba ka sarari ko da gobe Allah ya hore ka koma RTX 4070, wanda ke cin wat 200 kuma 650 ɗin ake nema masa. Kada wani ya ruɗe ka da 850 ko 1000. Waɗannan na masu RTX 4090 ne, katin da shi kaɗai ke cin wat 450.

Na taɓa tsayawa a bencin wani mai gyara a wajen Katako, aka kawo masa kwamfutar wani mai buga bashe da ta daina tashi. Ya kwance alimantasiyon ɗin ya miƙo mini, ya ce in ɗaga. Ba nauyi ko kaɗan, kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Ya ɗauko wani tsoho na kamfanin kirki da ke ƙarƙashin teburinsa ya ɗora mini a ɗayan hannun, sai da wuyan hannuna ya amsa. Da ya buɗe mara nauyin, rabin allon fili ne: gurabun da ya kamata a sa kayan tace wuta an zana su da farin fenti, amma ba a sa komai ba, wasu an haɗe su da guntun waya kawai. Kwandansa biyu, ƴan kayan nan masu tara wuta, sun kumbura kamar ƙosai, ga wari irin na robar da ta faɗa murhu. Alimantasiyon ɗin bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da katmer da diskin da aikin mutane ke ciki. Mai kwamfutar yana zaune a kan benci ya dafe kai, wayarsa sai ƙara take yi, mai aiki na tambaya ko an gama. Kai dai kada ka buɗe naka don ka gani. Manyan kwandansan ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare daga bango.

To, ga inda nake so ka sa hular ɗan kasuwa. Tambayarka ita ce me zai sa ka ƙara jika 45. Ni kuma tambayata, me ke rataye a jikin akwatin nan? Kati na jika 180, firosesa, katmer, da diski mai ɗauke da bikin mutane. Kati in ya ƙone ana sayen wani, ko da an sha wuya. Bidiyon ɗaurin aure kuwa ba a sake ɗaukarsa. Ba za ka tara dangin amarya daga Tawa da Dogon Dutsi ka ce su sake shigowa da lefe ba. Kuma ka san yadda sana'arku take: uwar amarya ɗaya in ta ji haushinka, duk matan unguwa sun ji labari kafin la'asar. Jika 45 kuɗin biki ɗaya ne a bakinka. Alimantasiyon na ƙwarai in ya yi maka shekara biyar, jika 60 ɗin ta zama jika ɗaya a wata. Na jika 15 kuma, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amma ban ce ka taɓa kuɗin haya ba. Wanda ya ba ka hayar shago in ya fara yi maka sallama da sassafe, hankalin aiki ma ba zai zauna ba. Ka mayar da kwamfutar yadda take kafin zuwan kati, ka ajiye katin a ledarsa, ka yi aiki a hankali kamar da. Biki na gaba ka karɓi abans rabi, ka ɗora a kan jika 15 ɗin da ka riga ka ware. In kana cikin adashi, ka roƙi a yi maka musanyar kwasa. Sati biyu ko uku na jinkiri ba su kashe kasuwa. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne an kai duk tarin a kan kati, aka manta cewa kati ba ya zuwa shi kaɗai, da iyalinsa yake tafe. Daga yanzu kowane aiki ka cire jika 2 ka jefa a wani asusu na daban, kuɗin tsufan kaya. Kamara, batir, diski, duk suna tsufa ko ka lissafa ko ba ka lissafa ba, kuma wanda bai ware musu ba yana cin jarinsa ne yana zaton riba ce.

Ranar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Ɗauki akwatin kwamfutar a kabu-kabu ka je da shi. A sa sabon alimantasiyon a gabanka, a fitar da bidiyo mai nauyi na rabin awa. Wannan gwajin zai raba maka gardama biyu, don katin okaziyo ma abin tuhuma ne: da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet dare da rana, kuma bayan Satumban 2022, da aka daina haƙar ɗaya daga cikin kuɗin nan mai suna Ethereum da katin grafik, suka malalo kasuwannin duniya. In kwamfuta ta daina mutuwa, alimantasiyon ne mai laifi. In kuwa ka ga zane-zane ko ɗige-ɗigen launi a fuskar ekran, ko ta ci gaba da mutuwa, to koma wa wanda ya sayar maka da kati tun maganar tana da ɗumi.

Ka duba yana da wayar kati tasa ta kansa, mai ido 8, wadda yawanci ake rabawa 6 da 2, an rubuta PCI-E a kanta. Ita ke ɗaukar wat 150. Akwai wata mai ido 8 da ke kama da ita, ta firosesa ce, ana raba ta 4 da 4, kada a cusa ta a kati da ƙarfi. In alimantasiyon ɗin irin wanda ake cire wa wayoyi ne, ka yi amfani da nasa kawai. Wayar wani kamfani tana iya shiga ramin daidai amma jerin wutarta daban, nan take ta kashe diski. Sunaye irin su Seasonic, Corsair, Cooler Master da be quiet! sanannu ne, sai dai suna a jikin kwali ba wahalar bugawa gare shi ba. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka karanta layin bolt 12, ka ga ko lambar da ke jikin kwali ita ce a jikin ƙarfe. Garantin shekara biyar ko goma da kamfanonin ke rubutawa ba zai yi maka amfani a Yamai ba in ba wanda zai karɓi kayan. Garantin da ya fi maka shi ne wanda mai kanti ya rubuta da hannunsa a kan faktir, da tambarin shagonsa, ko da wata uku ne.

Za su yi maka zancen tambarin 80 Plus, Bronze ko Gold. Ma'auni ne na yawan wutar da ba ta tafi a banza ta zama zafi ba: a rabin lodi Bronze yana ba da aƙalla kashi 85 cikin ɗari, Gold kashi 90. A kwamfutarka bambancin kusan wat 23 ne. Awa 8 a rana, kwana 26, bai fi kilowat-awa 5 a wata ba. Duba faktir ɗinka na kuran ka ninka, za ka ga ba abin da za a ƙara jika 20 a kai ba ne. Bronze na gaskiya ya wadatar.

Abin da ya fi tambarin nan muhimmanci a garinmu shi ne zafi da ƙura da halin wuta. A watan Afrilu da Mayu, sanda Yamai ke haura digiri 40, alimantasiyon mai araha yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, don irinsu a ɗaki mai sanyi ake auna su. Na ƙwarai sukan rubuta cewa suna ba da cikakken ƙarfi har a digiri 40 ko 50, ka nemi wannan layin a jikin kwali. Ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora kan tebur ko katako, kada ka manna bayansa da bango, kuma lokacin hunturu a hure masa ƙura duk wata.

Sai ondiler, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Duk wanda ya yi sana'ar kwamfuta a nan a watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin wutar da ke shigowa, ya san abin da ɗaukewa da dawowar kuran ke yi wa kaya, ya kuma san wutar ƙaramin gurup ba ta tsayawa wuri ɗaya. Alimantasiyon na kirki yana jure wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raguwar ƙarfi ba ta cika damunsa ba. Yankewa tsakiyar aiki ita ce matsalar. Ɗan ondiler mai 650VA da ake sayarwa ko'ina ainihin ƙarfinsa wat 360 zuwa 390 ne, kwamfutarka kuwa za ta ja kusan wat 400 daga bango, ga ekran a kai. Da an ɗauke wuta zai yi kuka ya mutu tare da ita. Kana bukatar 1000VA zuwa sama, kuma ka karanta wat ɗin da aka rubuta kusa da VA ɗin, kada ya gaza 600. Shi ma a gwada shi a kanti: a kunna fitar da bidiyo, a zare filogi daga bango, a ga ko kwamfuta za ta tsaya da ƙafafunta. Wasu alimantasiyon na zamani ba sa shiri da irin wutar da ƙananan ondiler ke fitarwa daga batir.

Wannan sayayya ta biyu ce, ta jira biki biyu ko uku masu zuwa. Kafin nan, duk katin kamarar da ka dawo da shi daga wurin biki, kada ka goge shi sai ka miƙa aikin an biya ka, kuma ka kwafe shi a wani diski na waje da ba ya kwana a jone da kwamfutar.