Ku Tambaya, Mu Amsa: AC/DC da sirrin hannun Malcolm Young

Tambaya: Ina yawan ganin riga mai rubutun AC/DC da alamar walƙiya wajen masu gwanjo a kasuwar Tawa. Na saya wa ɗana ɗaya, sai maƙwabta suka ce sunan 'yan tsafi ne. Su wane ne? (Wata uwa, Tawa)

Amsa: Hajiya, hankalinki ya kwanta, sunan daga wutar lantarki ya fito. AC shi ne kuran da ke zuwa ta bango, DC kuma irin na batir. An ce Margaret, 'yar'uwar waɗanda suka kafa ƙungiyar, ce ta ga harufan a jikin keken ɗinki. Makaɗa ne na ƙasar Ostareliya. Wa da ƙane, Malcolm da Angus Young, suka kafa ƙungiyar a Sidni a 1973, shekara goma bayan iyayensu sun yi ƙaura da su daga Gilasgo. Yayansu George ne ya tsaya musu a kan fayafayan farko, tare da abokinsa Harry Vanda. Mawaƙi Bon Scott ya shigo a 1974, suka koma Landan a 1976, faifan Highway to Hell na 1979 ya buɗe musu ƙofar Amurka.

Ranar 19 ga Fabrairu 1980 aka tsinci Bon Scott a cikin mota a Landan ya rasu, bayan daren shan giya, yana da shekara 33. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai suka ɗauko Brian Johnson, ɗan arewacin Ingila, suka tafi tsibirin Bahamas, a watan Yuli suka fitar da Back in Black da baƙin bango na zaman makoki. Ana ƙiyasin ya sayar da kofi miliyan 50 a duniya.

Ba za mu ɓoye miki ba, baitocinsu na giya ne da mata da dare, ba abin da za a ba yaro ya haddace ba ne. Wannan hukuncinki ne na uwa. Tsafi dai babu shi a sunan.

Tambaya: Ina kaɗa gita a orkestar biki. Ina son wannan amon na AC/DC, na ƙure maɓallin Gain mai ƙara kaushin sauti, na ƙara feda biyu (na'urar sauya amo da ake takawa da ƙafa), amma abin da ke fita kamar taron ƙudan zuma ne. Da mai ganga ya shigo sai in ɓace. Ina kuskuren yake? (Wani makaɗi, Bukoki, Yamai)

Amsa: Ɗan'uwa, kuskuren yana wurin da ka zaci maganin yake. Kunnenka ya ji nauyi ya ɗauka kaushi ne. Sa faifan Back in Black da abin saurare na kunne, ka cire ɓangaren dama: wanda ya rage a hagu Malcolm ne. Za ka ji gitarsa kusan tas take fita. Ba ya amfani da feda. Gita ce Gretsch ta 1963 da ya cire mata mikiro biyu masu ɗaukar sautin tsirkiya ya bar na wajen gada (inda tsirkiyoyi ke kamawa a jikin gita) kaɗai, sai waya, sai ampili Marshall. Nauyin daga hannun damansa yake fitowa.

Mayar da feda cikin jaka tukuna. Sa Gain a 3 ko 4 cikin 10, maɓallin amon tsakiya a 6 ko 7, bas a 4, ka kashe amsa-kuwwa gaba ɗaya. Ga gwajin: in ka shafi tsirkiya a hankali ta fito tas, in ka doke ta da ƙarfi ta yi kaushi. In duka biyun iri ɗaya suke fita, Gain ya yi yawa. Dalili shi ne yawan kaushi yana danne kan bugu, ya mayar da ƙarami da babba tsayi guda, alhali kan bugun nan ne ke ratsa ganguna ya isa kunnen wanda ke bayan rumfa. Masu rage na tsakiya su ƙara bas suna jin daɗi su kaɗai a ɗaki, a fili kuwa sun shiga gonar mai gitar bas, sun bar tasu fayau.

Sai riƙo. Yawancin waƙoƙin a kan La, Re, Sol da Mi na wuyan gita suke, tsirkiyoyi a sake, ba riƙon sanda da yatsa ɗaya ba. Waƙar Highway to Hell La ce, sai Re mai Fa diyaz a ƙasa, sai Sol, bugu kamar 116 a minti. Back in Black Mi, Re, La, wajen 94. A Sol ka kashe tsirkiya ta biyar da cikin yatsa, in ba haka ba sautin zai dagule.

Abin da ya fi kayar da masu koyo shi ne shirun da ke tsakani. Bayan kowane bugu, gefen tafin damanka ya sauka a kan tsirkiyoyi, yatsun hagu su saki, sauti ya yanke kamar an sa wuƙa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kokowa ya san wannan: kiɗa ɗaya ake maimaitawa, amma gurbin da ake bari shi ke tsuma ɗan kokowa. Ka zauna da abin ƙidayar bugu a 80, minti 20 kullum, ba ka ƙara gudu ba sai shirun ya tsaya tsaf.

Ka kuma yi magana da mutanenka, don aikin ba naka kaɗai ba ne. A fayafayansu, mai ganga Phil Rudd yana taka babbar ganga a ɗaya da uku, ƙarama a biyu da huɗu, ba ya yawan ado. Mai gitar bas Cliff Williams sau da yawa amo ɗaya yake nanatawa, bugu takwas a kowane awo. In mai gangarku yana son nuna gwaninta a kowane lungu, ko Marshall goma ka jera ba za ka sami abin ba. In kuma ku biyu ne masu gita, ɗaya ya yarda ya zama Malcolm. A ganinmu wannan ya fi wuya, don duk ido yana kan Angus da gitarsa Gibson SG da kayan 'yan lakkol.

Tsirkiyar Malcolm mai kauri ce, 12 zuwa 56, ta Angus 9 zuwa 42. Kada ka yi tsalle daga 9 zuwa 12 dare ɗaya: wuyan gita zai lanƙwasa, ramukan da ke samansa su matse tsirkiya, saiti ya ƙi zama. Fara da 10 zuwa 46. In wuya ya yi baka, juya ƙarfen cikinsa rubu'in zagaye, ka bar shi ya kwana kafin ka sake taɓawa, musamman da hunturu da itace ke bushewa.

Tambaya: Ƙanena ya aiko min ampili mai lamp daga Amurka. Zan iya jona shi kai tsaye? (Mai hayar sono, Wadata, Yamai)

Amsa: A'a, Malam, duba bayansa tukuna. Kuran Nijar bolt 220 ne, na Amurka 120. In babu makunnin sauya ƙarfi, sai ka nemi taransifo mai saukarwa wanda ya ninka abin da aka rubuta ampilin yana ci. Kada ka kunna shi ba tare da bafal a jone ba, taransifon fitarwa ne zai ƙone, kuma lambar om da ke rubuce a jikin ampili da bafal ta dace: 8 da 8, 16 da 16. Ba shi minti ɗaya ya yi ɗumi kafin ka saki sauti. In da injin wuta kake aiki, shi ake fara tayarwa ya daidaita, ampili kuma shi ake fara kashewa. A watan Afrilu kada ka jingina bayansa da bango, sa masa fanka. Fiyus in ya ƙone a sa irinsa, ba waya ba. Kuma kada yaron shago ya sa hannu ciki ko an cire daga wuta, akwai sassan da ke riƙe bolt 400 da ɗoriya.

Tambaya: Har yanzu suna nan? (Wata ɗaliba, Tawa)

Amsa: Suna nan, ƙanwata, amma an yi rashi. Malcolm ya ajiye gita a 2014 saboda ciwon mantuwa, ya rasu ranar 18 ga Nuwamba 2017 yana da shekara 64. Ɗan yayansu Stevie Young ya gaji wurinsa. A 2020 suka fitar da Power Up, daga kiɗan da Angus da Malcolm suka tara tare. A birnin Malbon akwai lungu mai sunan ƙungiyar tun 2004. Brian Johnson kuwa likitoci sun tsayar da shi a 2016 don yana gab da kurumcewa, sai daga baya ya dawo. Masu aikin sono su lura da wannan: kunne yana jure desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, a desibel 100 kuwa minti 15 ne kawai. Wanda ya kwana yana jin kunnensa na ƙara bayan biki ya sayi abin toshe kunne a famasi, ya kuma daina tsayawa daf da bakin bafal.